Amm Gattas da Tagar Mar Girgis

Tagar cocinmu tana da guntayen gilashi ɗari huɗu da goma sha biyu. Sau uku na ƙirga su, biyu daga ciki, ɗaya daga waje, kuma kowane karo Amm Gattas yana ƙasa riƙe da ƙafar tsani yana gunaguni.

"Ya Doktora, ƙwayar magani ake ƙirgawa, ba waliyyi ba."

"Riƙe tsanin dai, ya Amm Gattas. Ka sa na ɓata lissafi."

"Mun gode wa Ubangiji," in ji shi.

Sunana Marsel. Kantin magani nake da shi a nan Isma'iliyya, shi ya sa kowa ke ce mini Doktora, kuma shekara biyu ke nan da aka sa ni a kwamitin cocinmu, ni kaɗai mace cikin mutum bakwai. Cocin ƙarami ne, na tsohon barikin sojan Ingila. Da suka tattara suka tafi a 1956, mu Ƙibɗawan unguwar, wato Kiristocin Masar, muka gaje shi da duk abin da ke ciki. Amm Gattas, kamar a ce Baffa Gattas, yana cikin abin da muka gada.

Mahaifinsa Zakhari ya baro wani ƙauye na Sohag yana saurayi, ya samu aikin share wa sojojin coci. A ɗakin da ke bayan cocin aka haifi Gattas, a nan ya yi aure, a nan matarsa Sitt Fayza ta rasu shekara shida da suka wuce, kuma a nan yake har yau, yana da shekara saba'in da biyu. 'Ya'yansa mata biyu sun gaji da roƙonsa ya koma wurinsu. Lokacin yaƙin 1967 da aka kwashe mutanen gari, gidan Zakhari sun ƙi tafiya. Gattas da uban da uwar suka yi ta cika buhuna da yashi suna jerawa, ciki da waje, har suka rufe tagar zuwa sama. Na tambaye shi buhu nawa, ya ce, "Da yawa." Na auna bangon da kaina, ba za su kasa ɗari uku ba. Shekara bakwai tagar tana rufe. Da aka janye buhunan, ko tsaga ɗaya babu. A shekarar uban ya rasu, tsintsiya ta koma hannun ɗan.

Abin da yake kula da shi ba kaɗan ba ne. Allunan tagulla arba'in da shida a bango, ɗauke da sunayen sojojin da suka mutu. Benci goma sha takwas, kowanne an sassaƙa masa tambarin wata bataliya a gefe. Tutoci uku da suka tsufa har ana hango bango ta cikinsu, waɗanda ba ya yarda ko Abuna, limamin cocinmu, ya taɓa. Da gashin dinya yake kaɗe musu ƙura, yana riƙe numfashi. Sai mikiyar tagulla da ake ɗora Littafi a bayanta, wadda yake kira Saja, yana gaishe ta da safe. A shekara ba a rasa Bature ɗaya ko biyu da ke zuwa neman sunan kakansa. Amm Gattas ba ya karanta Ingilishi, amma in baƙon ya furta sunan sau biyu, sai ya kama hannun rigarsa ya kai shi gaban allon, don uban ya biya masa su tun yana ƙarami har suka zauna.

Amma ransa yana kan tagar. Tana bangon kudu, tsayinta mita uku da rabi: waliyyi Mar Girgis a kan farin doki, da jan mayafi, ya ɗaga mashi zai soke koren dodo. Fuskar kuwa ta wani saurayi ce mara gemu, mai farin gashi da tsaga a gefe. Allon da ke ƙasan tagar ya ce an yi ta ne don Laftanar Aubrey Penhallow, ɗan shekara ashirin da biyu, wanda zazzaɓi ya kashe a 1916, kuma mahaifiyarsa ce ta sa aka yi. Wata rana na karanta wa Amm Gattas, na ce masa fuskar nan ta yaron ce.

"Na sani," ya ce. "Uwarsa ta ba Mar Girgis shi, Mar Girgis ya ari fuskarsa. Ke ina ruwanki? Shekara nawa muna kunna masa kyandir? Da har yanzu Bature ne, ai da ya bi 'yan'uwansa."

Matan unguwa, Kirista da Musulmi, suna kawo wa tagar buƙatunsu a rubuce: haihuwa, jarrabawar 'ya, miji a Kuwait da ya daina kira. Ba mai sa takardarta da hannunta. Amm Gattas ake miƙa wa. Sai ya murza ta tsakanin yatsu, ya ninke, wata ninki huɗu, wata takwas, ya hau tsani ya cusa ta tsakanin gilashi da dalmar da ke riƙe shi. "Taki kusa da kunnen doki, ya Umm Abanub, can an fi saurin ji." Matar ta tafi tana murna. Haka tagar ta cika da fararen ƙullaye tun daga kofato har saman mashi.

Ni abin da na gani daban ne. Tagar ta yi tumbi. Na sa zare da ma'auni: tsakiyarta ya turo ciki da santimita shida. Na kai wa kwamiti, suka ce a duba. Na sake kaiwa, suka ce bayan azumi. Ban jira su ba. Na buga waya goma sha huɗu kafin na samu Usta Ragab a Alƙahira, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka rage masu aikin gilashi da dalma. Ya ce zai zo bayan Idin Tashin Almasihu, amma in fara turo masa hotuna ya san irin dalmar da zai zo da ita. Na tura. Minti biyar ya kira.

"Ya Doktora, hoton taga na ce, ba na gidan waya ba. Ban ga dalma ko ɗaya ba, sai wasiƙu. Ku cire su, ki sake ɗauka."

Sau goma sha ɗaya na roƙi Amm Gattas ya bari a cire takardun. Na roƙe shi da shayi, na roƙe shi da gurasa da wake, na roƙe shi da sunan Abuna.

"Bar su."

"Na kwana biyu kawai, ya Amm Gattas. Mu mayar."

"Bar su, 'yata."

"To gaya mini dalili."

"Dalilin yana nan."

"Ina?"

"Shayinki zai huce."

Ban taɓa haɗuwa da mutum mai taurin kai cikin ladabi irinsa ba. Da zai yi mini tsawa da na san abin yi.

Akwai wani abu kuma. Yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagun ma ta fara. Tun bara nake binsa a yi masa aiki yana zillewa. A watan Maris na haɗa baki da 'yarsa ta Bur Sa'id, na samo masa rana a asibiti, na cika takardu tara, na sa shi a mota da hannuna ranar Litinin. Zai kwana uku a gidan 'yar. Ba zan yi ƙarya ba: idonsa ya dame ni da gaske, amma na kuma san kwana uku sun ishe ni.

Ran Talata na rufe kanti, na ɗauki hantsaki na hau tsani. Takarda dubu ɗaya da ɗari da tamanin da uku. Wasu sun yi baƙi da hayaƙin kyandir, wasu sun taurare kamar itace. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na zuba su cikin rigunan matashi biyu na kai wa Abuna, ya yi musu addu'a ya ajiye su ƙarƙashin bagadi, can cikin haikali inda mace ba ta shiga. Ran Laraba na ɗauki hoto sittin na tura. Rana ta ratso tagar, ja da kore suka zube a kan benci, na tsaya ina jin daɗin kaina. Na ji wata 'yar ƙara, kamar cokula a kan faranti, na ɗauka manyan motoci ne ke wucewa.

Ran Alhamis da hantsi Amm Gattas ya dawo, ido ɗaya a ɗaure da bandeji. Ina ciki ina jiran ya yaba. Bai ko kai ga benci na farko ba ya tsaya, ya karkata kai yana saurare.

"Wa ya tuɓe shi?"

"Barka da dawowa, ya Amm Gattas. Yaya idon?"

"Wa ya tuɓe shi, ya Doktora?"

"Ni ce. Takardun suna wurin Abuna, ba wadda ta ɓata. Dubu ɗaya da ɗari da..."

"Kin ƙirga su." Ya zauna a kan bencin. "Kin ƙirga su, amma ba ki tambayi kanki me ya sa wata ninki huɗu, wata takwas ba."

A nan ya gaya mini abin da na roƙa sau goma sha ɗaya. Ƙwaɓin da ke manne gilashin cikin dalma ya bushe ya zube tun shekara ashirin da suka wuce. Guntayen suka fara rawa. Ya gaya wa kwamitin wancan lokacin, shugaban ya leƙa ya ce abu mai sauƙi ne, a cire tsohuwar a sa ta alminiyom mai zuge, iska ma ta riƙa shiga. Daga ranar Amm Gattas bai sake buɗe baki ba. Da, a kan dakalin taga mata ke ajiye takardunsu. Shi ya fara karɓa yana cusawa duk inda ya ji gilashi na motsi, kauri daidai da ramin.

"Wato kunnen doki..."

"Kunnen doki ya fi ko'ina rawa."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ke 'yar kwamiti ce."

"Ni ce na samo mai gyara!"

"Shi ma wancan shugaban, mai gyara ya ce zai kawo."

Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, ban san wanda ya fi ba. Shi kuwa ya miƙe ya leƙa ƙofa. Sama ta kudu ta yi rawaya, ganyen mangwaron harabar ya tsaya cik.

"Hamsin," ya ce. "Kafin la'asar."

Iskar hamsin, guguwar yashin bazara, daga kudu take zuwa, tagar kuma kudu take kallo.

Na kira Abuna. Yana wani ƙauye wurin jana'iza, makullin haikali yana aljihunsa, ba zai iso ba sai yamma. Na kira mutum shida na kwamiti: uku ba su ɗauka ba, biyu suna wurin aiki, ɗaya ya ce a sa batun a zama na gaba. Na kira Usta Ragab, ya ce, "Kin cire duka? Lokaci ɗaya? Ya Doktora, cire na ce, ban ce ki yashe ba." Na ce masa shi ya ce a cire. Ya ce shi ina ya san su ke riƙe da ita. Na kashe wayar.

Na ruga kanti na kwaso ƙananan jakunkunan takarda da nake zuba magani a ciki, bandir biyu. Likita ya hana Amm Gattas hawa, ya hana shi sunkuyo, ya hana ƙura kusa da idonsa. Don haka ni na hau, shi ya zauna a ƙasa yana ninkewa, riƙe da doguwar gorar da ake kunna kyandir na sama. Ya ɗora bakin gorar a hankali kan gilashi, ya saurara.

"Nan. Shida."

Na cusa.

"Ba haka ba! Kwance, ba tsaye ba. Allura kike yi masa?"

"Ba ya shiga."

"To biyar. Sauko da ita. Hannunki kamar na mai daka."

"Hannun nan ya auna maganin rabin unguwar nan."

"Shi ya sa rabin unguwar ke kawo wa Mar Girgis takarda."

Da fuskar ya sa muka fara, sannan wuyan doki, sannan kunne. Abin da ya yi cikin shekara ashirin muke son yi cikin awa uku. Ƙarfe biyu da kwata, ina kan takarda ta ɗari biyu da talatin da ɗaya, iska ta bugo. Tagar gaba ɗaya ta numfasa ciki kamar ƙirjin mutum, ta koma. Ƙarar cokulan nan ta zama ta tire guda.

Amm Gattas ya fita tsakiyar titi da bandejinsa yana kira. Umm Abanub ce ta fara zuwa da katifarta a ka, sai Sitt Nawal matar mai kifi da tata, sai mijin da ƙanensa ɗauke da teburin sayar da kifi, ƙamshinsa da komai. Suka jingina katifun a tagar ta waje, suka danne da teburin, suka sa kafaɗa. Amma katifa mita biyu ce, tagar uku da rabi. Sama ya rage a buɗe, inda hannu da mashi suke, inda ban kai ba.

"Sauko, ya Doktora," Amm Gattas ya ce daga ƙasan tsani.

"Saura kaɗan."

"Sauko, na ce. Gilashi ne a saman kanki."

Ina saukowa na ji ta. Ba ƙara mai ƙarfi ba ce. Hannun Mar Girgis ya ɓalle daga kafaɗa, da mashin, da gefen jan mayafi, suka zubo kan dutsen ƙasa tsakanin benci na huɗu da bango. Iska ta shigo ta ramin da yashi, tutocin nan uku suka fara kaɗawa. Amm Gattas bai dubi gilashin ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya nufi tutocin don ya kare su, yana rufe idonsa da tafin hannu ɗaya.

Mutanen waje sun riƙe teburin har ƙarfe biyar, suna karɓar juna. Fuskar ba ta motsa ba. Dokin ma haka.

Da iska ta lafa na durƙusa na tsince. Guntaye ashirin da bakwai suka faɗo. Goma sha tara sun karye biyu ko uku, takwas sun zama gari. Amm Gattas ya kawo tsintsiyarsa ya tattara garin a cikin kofin shayi, ya rufe da faranti. Na wanke masa ido na ɗiga magani. Sai da na gama ya ce, "Na gode, ya Doktora," irin godiyar da ake yi wa baƙo.

Usta Ragab ya zo bayan Idi kamar yadda ya ce, ƙaton mutum mai ƙananan hannaye. Abuna ya fito masa da rigunan matashin. Ya ɗauki 'yan takardu ya jujjuya su ba tare da ya buɗe ba, ya gwada ɗaya a ramin dalma.

"Wa ya koya maka wannan, ya Amm?"

"Rashin mai gyara, ya Usta."

"Wallahi da a shagona kake da na ba ka teburi." Ya juyo gare ni. "Wannan tagar ta mutu tun shekara goma sha biyar. Shi ya hana ta sani."

Ya so ya tafi da ita Alƙahira, Amm Gattas ya ce sai dai a tafi da shi a cikin akwatin. Aka yi ta ja har kwana biyu, ni a tsakiya, kowa yana kai mini ƙarar ɗan'uwansa. A ƙarshe Usta ya kafa teburinsa a harabar coci ƙarƙashin mangwaro, ya yi mako biyar yana warware dalma yana sa sabuwa, tsohon yana zaune a gefensa yana hana kowa wucewa kusa. Guntaye goma sha taran nan ya haɗa su, in ba ka matsa ba ba za ka ga tsagar ba. Takwas ɗin ne matsala, shida daga cikinsu ja ne. Irin wancan jan, in ji Usta, ba a yin sa yanzu. Na rubuta wa wurare bakwai, a Alƙahira da waje. Uku suka amsa, biyu suka aiko samfuri, duka biyun ba su yi ba. Ya sa mafi kusa da ya samu.

An mayar da tagar ranar wata Asabar a watan Yuni. Na sa zare da ma'auni: miƙe take sak. Na ƙwanƙwasa da yatsa, shiru. Kwamiti suka zo su shida suka ɗauki hoto a gabanta, shugaban ya yi jawabi kan himmar kwamiti. Ba wanda ya lura da komai a cikinsu.

Da aka watse na tarar da Amm Gattas tsaye a tsakiyar coci, hannu a baya, ya ɗaga kai. Idon da aka yi wa aiki ya warke tas, yanzu yana iya karanta lambar mota daga tsallaken titi.

"Ta tsaya, ya Amm Gattas," na ce. "Usta ya ce shekara ɗari."

"Ta tsaya."

"To mene ne kuma?"

Ya nuna da haɓa. Rana ta zo daidai kan mayafin. Tsohon jan yana da duhu da zurfi, sabon kuwa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya fi kama da ruwan kankana.

"Ba mai gani," na ce. "Mutum shida sun tsaya a nan yanzu."

"Ni ina gani. Kowace safiya zan gani." Ya juyo ya dube ni da sabon idon. "Da kin bar mini idona yadda yake, ya Doktora, ko kin bar mini tagata yadda take. Ɗaya dai. Ke sai da kika gyara duka biyun."

Na ce masa akwai wani a Iskandariyya da aka ce mini yana da ragowar tsohon gilashi daga wani gidan da aka rushe, na riga na samu lambarsa, gobe da safe zan kira.

"Kira," ya ce. Ya ɗauki tsummansa ya nufi allunan tagulla.